Tubabben da Ya Zo da Sirrinsa: A Riƙe Shi ko a Kore Shi?

Duk wanda ya taɓa halartar musuluntar wani a masallacin Juma'a na karkara ya san yadda abin yake. Ana sallame salla ladan zai roƙi jama'a su ɗan dakata. A kawo mutumin gaban liman, a laƙƙana masa kalmar shahada, ya maimaita murya na rawa, masallaci ya kaure da kabbara. A zaɓa masa suna, a nuna masa yadda zai yi wanka, wani mai hali ya ba da yadin shadda, a zagaya da hula a tara masa abin da ya sawwaƙa. Haka ake yi a Gaya, haka ake yi a Ajingi, haka ma a Gafasa da sauran ƙauyukan gabashin Kano. Ba a tambayar sa abin da ya aikata jiya, ba a kuma tambayar inda zuciyarsa ta karkata, domin babu littafin da ya ce a tambaya.

To mu ƙaddara an yi wata shida. Wannan tubabben, ko Bamaguje ne daga karkarar Kano, ko malamin makaranta ne ɗan Kudu da aiki ya kawo shi, ya sami limamin da ya musuluntar da shi a zaure bayan lisha, babu kowa. Ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, akwai abin da ban faɗa ba. Tun da na balaga ban taɓa jin sha'awar mace ba, zuciyata wajen maza take. Na yi addu'a can inda na fito abin bai tafi ba, na zo nan ma bai tafi ba. Malam, har yanzu ni Musulmi ne?"

Wani zai ce wannan tambayar Turawa ce, ina ruwan ƙauyen da ake noman gero da gyaɗa da ita. Ai kuwa da ruwansa. 'Yan daudu sun daɗe a ƙasar Hausa tun ba a san rediyo ba, balle intanet, suna dafa abinci suna sayarwa a kasuwanni da tashoshin mota, wasunsu har sun sauke farali ana kiran su Alhaji. Ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, kuma ba kowane mai neman maza ne yake daudu ba. Da yawa magidanta ne masu iyali. Wani Ba'amurke mai nazarin harshe da al'ada, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Abin da ya fi fitowa a bincikensa shi ne mutanen nan ba sa ganin kansu a wajen addini. Suna salla, suna azumi, suna cewa haka Allah Ya yi su, suna kuma sa rai da gafararSa. Abin da ya bambanta mai tambayarmu da su shi ne bai gaji addinin ba, da ƙafarsa ya shigo.

Masu cewa ba za a taɓa haɗa Musulunci da wannan hali ba suna da hujja, kuma ba ta rainawa ba ce. Ƙissar Annabi Luɗu ta zo a surori da dama, daga A'arafi zuwa Hudu, Shu'ara'i, Namli da Ankabuti, kuma duk inda ta zo da zargi ta zo. Mazhabobi huɗu ba su saɓa a kan haramcin luwaɗi ba. Ɗalibin zaure da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai Risala zai tarar Ibn Abi Zaid ya ambaci jifa, wanda shi ne ra'ayin Imam Malik. Ga kuma tubabbe musamman, suna kawo labarin Saƙifawan Ɗa'ifa da suka zo Madina a shekara ta 9 bayan hijira da sharaɗi a bakinsu: a bar musu gunkinsu Lata na shekara uku, a kuma ɗauke musu salla. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yarda da ko ɗaya ba. Wato mai shiga Musulunci ba ya zuwa da jerin abin da zai karɓa da wanda zai ajiye. Shi ya sa suke cewa zunubi daban, halatta zunubi daban: wanda ya san haramcin abu ya ce halal ne, ya taɓa tushen imaninsa.

Akwai kuma tsoron da ya wuce littafi. Mutanenmu sun ga yadda maganar ta zo daga waje da tuta da kuɗi da barazana. A Oktoban 2011 Firayim Ministan Birtaniya, David Cameron, ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da suka haramta neman jinsi; wata ɗaya bayan haka Majalisar Dattawan Najeriya ta amince da ƙudurin hana auren jinsi, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa masa hannu a Janairun 2014. Ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko mara musu baya. Da wuya a sami dokar da limamai da fastoci suka haɗu suka yi wa tafi kamar wannan. Tun daga lokacin, duk wanda ya buɗe baki a kan batun sai a ce ɗan aiken Turawa ne. Sannan kuma, yawancin lokacin da kalmar luwaɗi take fitowa a labaran rediyon Kano, labarin ƙaton da ya lalata ƙaramin yaro ne, sau da yawa almajiri. Uban da ya ji wannan yana da gaskiyar jin tsoro. Sai dai a nan an gwama abu biyu. Mai yi wa yaro fyaɗe azzalumi ne da ya cancanci hukunci mai tsanani, amma ai ana yi wa 'yan mata ƙanana fyaɗe, ba a kuwa taɓa cewa duk namiji mai sha'awar mata abin tuhuma ne ba.

Ɗaya ɓangaren kuma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda suka ce a sake karanta ƙissar Annabi Luɗu. Fitaccensu shi ne Scott Siraj al-Haqq Kugle, malamin jami'a a Amurka, shi ma tubabbe ne, wanda ya wallafa littafi a kan batun a 2010. Akwai Daayiee Abdullah, baƙar fata ɗan Ditroyit da ya musulunta yana karatu a ƙasar Sin, ya dawo ya yi limanci a Washinton ba tare da ya ɓoye halinsa ba. Hujjarsu ita ce mutanen Luɗu an halaka su ne saboda ƙaryata annabi, da tare hanya, da yunƙurin keta baƙi da ƙarfin tsiya, don haka ƙissar ba ta magana a kan baligai biyu da suka yarda da juna. Suna ƙarawa da cewa hadisin da ya ambaci kisa bai zo a Bukhari ko Muslim ba, masana hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, sahabbai sun saɓa a kan hukuncin, Abu Hanifa da Ibn Hazm kuwa sun tsaya a kan ladabtarwa, ba haddi ba.

Rabin wannan magana gaskiya ne, kuma ya kamata masu wa'azinmu su san shi: saɓanin da ke kan hukunci tsoho ne, ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Ɗaya rabin ne bai tsaya da ƙafarsa ba. Abu Hanifa da Ibn Hazm sun saɓa a kan irin horon da za a yi, amma ba su ce aikin ya halatta ba. Ayoyin kuwa, bayan tare hanya, sun ambaci je wa maza da sha'awa a bar mata, kamar yadda Mobeen Vaid ya nuna a dogon raddin da ya yi wa Kugle a 2016. A Mayun 2023 malamai fiye da 130 na Amurka da Kanada, waɗanda suke zaune a tsakiyar matsin lambar, sun fitar da sanarwa suna jaddada matsayin da aka sani. A ganina fassarar Kugle ba za ta sami wurin zama a zauren karatu na Gaya ba, kuma ba don taurin kan malamai ba ne, nassin ne bai ba ta hanya ba. Duk da haka ina ganin abin da ya kai shi can. Mutum ne da aka ce masa ya zaɓa tsakanin Allah da abin da yake ji a jikinsa, ya ƙi sakin Allah. Wanda yake son barin addini ba ya ɓata shekaru yana bin tafsiri da isnadi.

Reshe na biyu shi ne wanda ba a cika jin muryarsa a lasifika ba, alhali hujjojinsa suna cikin littattafan da ke jibge a zaurukanmu. Waɗannan ba su ce aikin halal ne ba. Cewa suka yi tambayar tubabben ba a kan aiki take ba tukuna, a kan abin da ya tsinci kansa a ciki take. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata suka raya muddin ba a aikata ko an furta ba. A Madina akwai namiji mai ɗabi'ar mata da yake shiga gidan Ummu Salama, ba a hana shi ba sai ranar da aka ji yana siffanta jikin wata mata ta Ɗa'ifa. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba irin waɗannan gida biyu: wanda aka halitta a haka, babu zargi ko zunubi a kansa, da wanda ya ƙaƙaba wa kansa. Wannan malamin ƙarni na 13 ne, ba ɗan ƙungiyar kare haƙƙi ba.

To in ya faɗa cikin aikin fa? A nan ma aƙidar Ahlus Sunna a fili take: babban zunubi ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Masu kafirtawa da zunubi su ne Hawarijawa, kuma babu limamin da zai so a jingina shi da su. Akwai sahabin da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya. Da wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Da Usama ɗan Zaidu ya kashe wanda ya furta kalmar shahada a bakin takobi, yana ganin tsoro ne ya sa shi, tambayar da aka yi ta maimaita masa ita ce ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani. Muwaɗɗa ta Malik ta kawo cewa wanda ya ba Ma'izu, da ya yi zina, shawarar ya je ya tona kansa, an gaya masa da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Shari'ar da ta ambaci jifa ita ce ta nemi shaidu huɗu da suka gani da ido, ta yanke bulala 80 ga mai ƙazafi, ta kuma hana bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurati. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya sha yin raddi ga ɗaliban zamaninsa masu saurin kafirta talakawa. Abin mamaki, mai ihun a kafa haddi shi ne yake yawo da sunan wani a majalisa da WhatsApp ba shaida ko ɗaya, bai san a ma'aunin Risala bayansa ne ya fara cancantar bulala ba.

Mutanen Gaya ya kamata su fi kowa sanin cewa addini yana shiga jiki ne a hankali. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka fara sauka Dala neman tama. Wangarawa sun kawo Musulunci Kano a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Muhammadu Rumfa ya ƙarfafa shi a ƙarshen ƙarni na 15, amma sarakuna ba su rabu da tsafin Dirki ba sai zamanin Alwali, daf da jihadi. Shekara fiye da 400 ke nan ana haƙuri da kakanninmu. Nana A'isha ta bayyana cewa da hanin giya da zina aka fara saukarwa da mutane ba su bari ba, sai da imani ya zauna tukuna. Masu tsaurarawa za su ce, kuma da gaskiyarsu, wahayi ya cika, ba za a koma zamanin da giya take halal ba. Haka ne. Amma lokacin da aka aiki Mu'azu Yaman, a ƙarshen rayuwar Annabi, umarnin da aka ba shi shi ne ya fara da shahada, in sun karɓa sai salla, in sun karɓa sai zakka. Hukunci bai sauya ba, tarbiyya ce take da matakai.

Abin da ya fi damuna a muhawarar nan shi ne kowane ɓangare yana mantawa da abin da tubabben ya riga ya biya. Wanda aka haifa cikin Musulunci yana da uwa, yana da ƙannen uba, yana da dangin da ko sun gane halinsa za su rufe, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tubabbe kuwa sau da yawa ya bar nasa dangin da fushi. A fiƙihun Malikiyya ba zai gaji iyayensa da ba Musulmi ba. Ranar da ya furta kalmar shahada ya shiga ƙarƙashin dokar laifuka ta Shari'a ta Jihar Kano ta 2000, wadda ba ta hawa kan wanda ba Musulmi ba, wadda kuma ta tanadi bulala 100 da ɗaurin shekara 1 ga wanda bai taɓa aure ba, jifa ga wanda ya taɓa yi. Komawa baya kuma kowa ya san yadda ake kallon wanda ya yi ridda. Mutumin da ya san halinsa, ya san wannan duka, ya kuma zo ya furta kalmar shahada, da wuya a ce neman sauƙin rayuwa ne ya kawo shi. Allah Ya ware wa waɗanda ake lallashin zukatansu kaso a cikin zakka. Mu kuwa lallashinmu yakan ƙare ne da kabbarar ranar farko.

Maganin da ya fi saurin zuwa bakin dattawa shi ne a yi masa aure. A ƙauye kamar Gafasa, inda kowa ya san kowa, namijin da ya haura talatin ba mata ba shi da sakat: yau a ce tuzuru, gobe a ce yaushe za mu sha biki, azumi ya zo a yi masa tashen gwauro. Tubabbe kuma an fi gaggauta masa, don a ɗaure shi a cikin jama'a. Niyyar mai kyau ce, amma wa ya tambayi yarinyar? 'Yar wani ce za a kai ɗakin mutumin da ba ya sha'awar ta, ta shekara tana zargin kanta, tana bin masu maganin mata, daga baya ta fito da saki da goyo ta ƙara yawan zawarawan da Hisba take neman yadda za ta aurar. Wanda yake da sha'awar ɓangarorin biyu aure zai iya yi masa rana. Wanda ba shi da ita ko kaɗan, malaman fiƙihu sun riga sun ce aure yana iya zama haram ga wanda zai cutar da matar. In tubabbiya ce mace abin ya fi muni, don ita ba a ma cika jiran amsarta ba. Rashin aure kuwa ba zunubi ba ne. Ɗabari da Nawawi da Ibn Taimiyya duk sun bar duniya ba su yi ba, ba wanda ya rage musu daraja. Game da alƙawarin cewa rubutun sha ko ruƙiyya za su juya mutum, sai a yi hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire abin daga jerin cututtuka tun 1990, kuma Exodus International, babbar ƙungiyar Kiristocin Amurka da ta shafe shekara 37 tana alƙawarin sauya mutane, ta rufe a 2013 shugabanta yana ba da haƙuri. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma malamin da ya yanke wa mutum ranar warkewa, in ranar ta wuce, imanin mutumin ne zai girgiza.

Masu bin Kugle za su ce: ashe abin da kake miƙa masa shi ne ya rayu shi kaɗai har mutuwa, ina rahamar take? Tambaya ce mai nauyi, kuma ƙarya ne a ce ba ta da nauyi. Mai mata biyu da yake gaya wa irin wannan mutumin ya yi haƙuri kawai ya kamata ya ji kunyar sauƙin da maganar ta yi a bakinsa. Wasu sun kasa ɗauka sun bar addinin, wasu sun bar gari, wasu sun hallaka kansu. Masu tsaurarawa kuma za su ce: in aka sassauta murya, gobe ƙofa ta buɗe. Amma ina ƙofar da tsanani ya rufe? A Janairun 2014 taron jama'a ya yi ta jifan kotun Shari'a a Bauchi yana neman a miƙo masa waɗanda ake tuhuma tun ba a yanke hukunci ba. A Fabrairun 2025 aka harbe Muhsin Hendricks, limamin Afirka ta Kudu da ya bayyana halinsa tun 1996, har majalisar malaman ƙasar da ta daɗe tana saɓa masa ta fito ta yi tir da kisan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya sauya zuciyar kowa, sai dai ya ƙara wa masu ɓuya dabarar ɓuya. Tun da aka dawo da Shari'a a 2000 babu wanda kotu ta kai ga jefewa a Najeriya. Ita kanta Hisbar Kano, da ta kama mutum 19 a Disamban 2022 bisa zargin bikin auren jinsi, cewa ta yi nasiha za ta yi musu.

Hukuncin da na tsaya a kai shi ne wannan. Limamin da ya musuluntar da shi ba shi da ikon ce wa tubabben nan aikin ya halatta, kuma in ya faɗa ya ha'ince shi. Haka nan ba shi da ikon ce masa musuluncinsa ya warware, kuma in ya faɗa ya yi wa Allah ƙarya. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili, ƙunci gare shi amma mutum yana iya rayuwa a ciki, in jama'a ba su ture shi ba. Ina roƙon malamanmu na Gaya da Ajingi, Allah Ya gafarta muku, duk wanda irin wannan magana ta zo kunnensa ya riƙe ta amana, kada ta zama abin misali a huɗubar Juma'a mai zuwa. A ci gaba da koya masa Fatiha da hukuncin tsarki, a kira shi buɗa-baki, a nema masa sana'a, kada a ɗaura masa 'yar mutane a kan ƙarya. In ya faɗi ya dawo, a karɓe shi kamar yadda ake karɓar mai cin riba da mai tauye mudu da suke sahun gaba. Musulmi ne: in an haɗu a yi masa sallama, in ya yi ciwo a gaishe shi, in ya mutu wanka da likkafani da sallar gawa farilla ce a kan mutanen garin, kuma babu ɗaya daga cikin mazhabobi huɗu da ta ɗauke musu ita.